Awon Goyo a Sikelin Albasa

A unguwar Briqueterie ta Yawunde, wadda mutanenta suka gajarce suke ce wa Birik, in ka nemi Saliha matar Halilu tela sai an yi ta tambayarka wace Salihar. Amma ka ce Kilo-Nawa, ko mai gasa soya da hayaƙi ya rufe wa ido zai ɗaga wuƙarsa ya nuna maka hanya. Sunan tsokana ne, kuma ita ta jawo wa kanta, domin ba ta taɓa miƙa maganin yaro ba sai ta yi wannan tambaya. Tun tana ɓata rai in an kira ta da shi har ta dawo tana amsawa, kuma ni ban ga abin ɓata rai ba. Akwai manyan mutane a unguwar nan da suke yawo da ƙafafunsu yau saboda wannan tambaya.

'Yar Garwa ce. Ta ɗan taɓa boko kafin a ɗaura mata aure, ta biyo jirgin ƙasa zuwa Yawunde da akwati ɗaya da tukwane, ba ta san kowa ba sai mijinta. Wadda ta karɓe ta ita ce Goggo Rakiya, mai kitso, da ke ɗakin da ke kallon nasu. Goggo ce ta nuna mata hanyar kasuwar Mokolo, ta koya mata yadda ake taka jan laka na garin nan da damina ba tare da an zube ba, ita ce kuma ta yi mata wankan jego na 'ya'yanta duka. Mace ce doguwa, mai faɗa, mai kyauta, wadda ba ta iya ba da haƙuri ba kuma ba ta iya rowa ba. Saliha ba ta da uwa a Yawunde sai ita.

Aiki ya same ta ne a wata farmasi da ke wajen Ekoudou, ta wata Madam Ngono. Shara aka ɗauke ta da jera kwalaye. Sai dai masu sayen magani rabinsu 'yan arewa ne, Madam kuwa ba ta jin Hausa ba ta jin Fillanci, don haka kullum sai a kira Saliha daga bayan kanti ta yi tafinta. Madam ta lura cewa yarinyar ba ta tsaya a fassara ba, tana tambayar dalili. Daga nan ta jawo ta gaban kanti, ta shiga koya mata, da faɗa da komai, don ita ma ba ta da sanyin baki.

Abu uku Madam ta dasa mata a ka. Wa zai sha? Kilo nawa ne? Ta ina zai shiga? Ta ce mata magani ba ya sanin shekaru, nauyin jiki ya sani, kuma abin da ke warkar da babba shi ne ke kashe yaro in an yi masa awon babba. Ta koya mata cewa kowace ƙwaya tana da ƙarfinta da ake aunawa da miligiram, ƙwaya biyu masu kama ɗaya sai ka tarar ɗaya ta ninka ɗaya sau uku. Ta koya mata lissafin: abin da likita ya ce a ba kowane kilo, a ninka shi da nauyin mai sha, sannan a duba ƙarfin ƙwayar a ga guda nawa za su cika wannan adadi. Saliha ta riƙe shi kamar yadda ta riƙe Fatiha.

Zancen ta ina zai shiga kuwa, nan ne ta sha dariya ta sha takaici. Mazan Birik ba su yarda an yi musu magani ba sai sun ji allura ta shiga tsoka, ƙwaya a wurinsu wasan yara ce. Akwai kuma maganin nan mai kama da harsashi da ake sakawa ta dubura, wanda likitocin garin nan suke son rubutawa. Wani dattijo mai sayar da atamfa ya dawo yana ƙorafi cewa maganin da aka ba shi maiƙo ne zalla, ya manne masa a dasashi. Madam ta shige ciki tana toshe baki. Saliha ce ta tsaya, ta sunkuyar da kai, ta ce, "Baba, wannan ba ta sama yake bi ba." Dattijon ya yi salati, ya tattara rigarsa ya fita. Daga ranar ba ta sake barin kunya ta hana ta faɗar hanyar magani ba tun kafin a tafi da shi. Haka nan siro, maganin ruwa na yara: ta gano cewa cokalin shayi a gidajenmu ba shi da girma ɗaya, na wani gida ya kusa ludayi, sai ta riƙa nuna wa iyaye layin da ke jikin murfin awo da farcenta.

Sai shekarun kiris suka zo, yadda muke kiran matsin nan. Aka zaftare albashin ma'aikata, aka sake zaftarewa, aka sallami na sallama, sannan aka karya darajar kuɗinmu, sefa. Magani daga waje yake zuwa, don haka aka wayi gari kuɗinsa ya ninka. Mutane suka koma wurin masu baza ƙwayoyi a tire a bakin titi, inda rana ke dafa su, mai sayarwa kuma ya ba ka ja biyu da rawaya ɗaya bisa yadda fuskarka ta yi masa. Madam Ngono ta yi ta jurewa har ta gaji, ta rufe kanti ta koma garinsu. Ran da za ta tafi ta rungume Saliha ta ce, "Abin da ke kanki ba a rufe shi da kwaɗo."

Saliha ba ta daɗe zaune a gida ba. Wani ƙaramin dispansa na unguwa ya buɗe tagar sayar da magani mai rahusa, babban nas ɗin wurin, wanda kowa ke kira Majo, ya aika a kira ta. A nan magani ba ya zuwa cikin kwali mai hoto da takardar bayani. Cikin manyan gwangwanaye yake zuwa, farare duk iri ɗaya, a ƙirga maka a ƙulla a leda. Duk bayanin da takarda take yi a da, yanzu bakin Saliha ne zai yi shi.

A tagar nan ne ta daina cewa a sha bayan cin abinci sau uku. Wani mai gadi ne ya koya mata, wanda aka kawo ranga-ranga bayan ya haɗiye na safe da na rana da na dare a lokaci guda. Da aka tambaye shi ya ce ai an ce bayan abinci, shi kuwa sau ɗaya ake ɗora tukunya a gidansa. Saliha ta ji kunyar da ba ta taɓa ji ba, don ta san ba gidansa kaɗai ba ne. Tun daga nan ta ɗaura magani a kan salla. Asuba, azahar, da bayan isha'i in za a kwanta. Abinci yana iya ƙin zuwa, amma ladan ba ya fashi a Birik.

To, ana cikin wannan hali ne Salwa ta kwanta. Salwa jikar Goggo Rakiya ce, 'yar shekara huɗu, wadda iyayenta suka bar wa Goggo bayan an sallami uban daga aikin tuƙi, suka tafi arewa neman abin yi. Ita kaɗai ta rage wa Goggo a ɗaki. Tana da wa, Awwal, wanda ya rasu tun kafin a haife ta, kuma kowa a gidan ya san labarin. An kai shi awo yana jariri ɓul-ɓul, aka sa shi a wandon awo aka rataye a ƙugiyar sikeli, mai awon ta faɗi nauyinsa da ƙarfi, matan da ke layi suka yi ta cewa kai wannan ƙato, babu wadda ta ce masha Allah. Wata bai ƙare ba ƙyanda ta ɗauke shi. Goggo ta ce baki ne ya kama shi, kuma a kan sikeli aka miƙa shi ga bakin. Ta yi rantsuwa ba za a sake rataye mata jika ba. Don haka Salwa ba ta taɓa zuwa awo ba, babu mahalukin da ya san nauyinta.

Zazzaɓin cizon sauro ne. Goggo ta ba ta kulorokin da ta saba ba ta, bai yi komai ba, don a shekarun nan ya fara daina jin magana. Da safe ta goyo ta zuwa dispansa, jikin yarinyar kamar garwashi, idanunta sun faɗa. Majo ya duba ta, ya ga tana iya haɗiya, ya ce kinin za a ba ta ta baki, miligiram goma a kowane kilo, sau uku a yini har kwana bakwai. Ya ce in aka yi jinkiri ta fara amai ko suma, sai babban asibiti da ƙarin ruwa. Ya nuna sikelin ƙugiya da ke rataye a baranda. Na manya da ake hawa da ƙafa ya lalace tun bara, ba a sami abin gyara shi ba.

Goggo ta kalli ƙugiyar ta ja da baya. Majo ya yi magiya da Faransanci, ya yi da guntun Fillancinsa, ta ƙi. Ya leƙo taga ya ce, "Saliha, le poids. Ba ni da hannun rubuta komai sai da nauyi. Mamarki ce, ki yi mata magana."

Goggo ta riga shi isowa tagar. Ta ce, "Saliha, ba ni kinin ɗin nan in tafi. Ni biyu nake sha in zazzaɓi ya kama ni. Yaro rabin babba ne, ba ta ɗaya."

"Goggo, irin wadda kike sha ɗari uku ce. In na ba Salwa guda sau uku a yini, ina tsoron maganin ya riga zazzaɓin."

"To ba ta gutsure."

"Gutsure nawa? In ya yi kaɗan zazzaɓin ya hau kai, in ya yi yawa ya taɓa zuciya. Dubi hannunta, Goggo. Shekararta huɗu amma jikinta bai kai na huɗu ba. Ba zan yi mata kintace da ido ba."

"Sai an rataye min ita kamar cinyar sa a mayankar Etoudi? Ni na yi miki wankan jego, Saliha. Yau ni za ki karanta wa boko?"

Maganar ta soki Saliha har ƙashi. Abu mafi sauƙi a duniya shi ne ta ƙulla ƙwayoyi a leda ta miƙa, ta ce Allah ya sawwaƙe, kowa ya rabu lafiya. Ta kalli kan Salwa da ya langaɓe a kafaɗar Goggo, ta mayar da murfin gwangwani ta rufe.

"Ko za ki tsine min, ba zan ba ki da ka ba."

Goggo ta juya ta kama hanya. Saliha ta san inda za ta: bakin titi, wurin masu tire, inda ba a tambayar kowa komai. Ta ce wa Majo ya riƙe mata taga, ta zari mayafi ta bi ta. Ta san dai gardama a kan baki da ƙyanda ba za ta kai su ko'ina ba, don wanda ya binne jika ba a ce masa ya yi kuskuren dalili. Suna tafe, Goggo a gaba ita a baya, suka zo daidai rumbun Mohaman Bello, mai saro albasa daga Marwa. Ana sauke buhuna, wani ɗan dako ya hau faffaɗan sikelin ƙarfe da buhu a kafaɗa don ya huta da saukewa, Mohaman Bello ya duba, ya cire nauyin ɗan dakon da ya riga ya sani. Saliha ta tsaya cak.

Ta sha gaban Goggo ta ce, "Ba za a rataye ta ba. Ba za ta taɓa sikeli ba ma. Ba ni ita in goya, ni za a auna. In hau da ita, in sauka in hau ni kaɗai. Abin da ke tsakani ni kaɗai zan sani."

Goggo ta daɗe tana kallon sikelin, da ɓawon albasa da ƙasa a kansa, da 'yan dako da suka tsaya suna kallo. Mace ce da ko a gidan biki ba ta cin abinci a gaban maza. Ta gyara goyonta ta ƙara ɗaure zani.

"In za ta hau, a bayana za ta hau. Kuma kada in ji lamba a bakin kowa."

Mohaman Bello mutum ne mai hankali. Ya share sikelin da gefen rigarsa, ya daidaita shi, ya kori 'yan dako zuwa bayan mota, shi ma ya juya baya yana kallon bango. Goggo Rakiya ta cire takalmi, ta yi bisimilla, ta hau inda ake ɗora buhu, kanta a sama kamar wadda za a ɗauka hoto. Saliha ta matsa ƙarfen awo har sandar ta tsaya. Saba'in da ɗaya. Ta karɓi Salwa ta rungume, zafin jikin yarinyar yana ratsa rigarta, Goggo ta sake hawa. Hamsin da tara. Saliha ta ce masha Allah a fili, lambar kuwa ta bar ta a ciki.

Kilo goma sha biyu. Tana tafe tana lissafi. Goma sau goma sha biyu, ɗari da ashirin. Akwai ƙananan ƙwayoyi na ɗari-ɗari a gwangwani na biyu, ke nan guda ɗaya da kwata. Abin da Goggo ta nema da farko ya ninka haka fiye da sau biyu. A dispansa ta raɗa wa Majo a kunne, ya yi nasa lissafin ya gyaɗa kai, ya rubuta. Ta zauna da reza ta raba kwata-kwata da hannunta, ta ƙulla kowane sha a ledarsa daban, don kada Goggo ta yi ta fama da gutsure da idonta da ya fara rauni.

"Asuba, azahar, bayan isha'i. Ki murƙushe a ruwan sukari, yana da ɗaci, kuma yana sauke sukarin jiki, kada ta sha da ciki wayam. In ta amayar nan take ki aiko a kira ni. In ta ce kunnenta na ƙara kada ki tsorata. Ko ta tashi tana tsalle a kwana na uku, sai ledojin nan sun ƙare."

Goggo ta karɓa ta tafi. Ba ta yi wa Saliha magana ba a ranar, ba ta yi ba washegari. Saliha tana jin ta ta bango, da an kira salla sai ƙarar cokali a kofi da lallashi da faɗa. Ana cikin haka wata safiya ta ji muryar Salwa a tsakar gida tana rigima a kan ƙosai. Saliha tana wanke-wanke, ta saki kwanon ta yi kuka, kukan daɗi da na tsoron da ta ɓoye, don ta san da lissafin ya kuskure ba ta da inda za ta sa kanta a gidan nan.

Labari ya bazu, kamar yadda komai ke bazuwa a Birik. Ashe ba Goggo kaɗai ke tsoron ƙugiya ba, sauran dai ba su da bakin faɗa ne, sai su ƙi zuwa. Aka fara ganin mata da goyo a rumbun Mohaman Bello, har ya ware musu lokaci bayan la'asar, ya kuma ƙi karɓar ko sisi. Awon goyo, haka aka sa masa suna. Daga baya aka gyara sikelin dispansa, amma tsarin bai canza ba: uwa ta hau da ɗa, ta hau ita kaɗai, Kilo-Nawa ta ce masha Allah ta yi shiru. Ban san wata unguwa da ake haka ba, kuma ina alfahari da cewa a tamu aka fara.

Bayan damina ta wuce, wata rana da yamma Saliha tana rufe taga sai ga Goggo da Salwa a baya, ƙafafun yarinyar suna reto har gwiwar tsohuwar. Lafiyarta ƙalau, tana cin gyaɗa.

"Zo ki auna ni," in ji Goggo, tana kallon gefe. "In ji ko na ƙara nauyi."

Saliha ta danne dariya ta bi ta rumbun albasa. Goggo ta hau da goyo. Saba'in da ɗaya, daidai da na wancan karo, Saliha ta zaci yarinyar ba ta ƙaru da komai ba. Ta sauke Salwa, Goggo ta hau ita kaɗai. Hamsin da bakwai.

Saliha ta tsaya da hannu a kan ƙarfen awo. Kilo biyu sun bar jikin tsohuwar sun koma jikin jikarta. Sai yanzu ta lura da yadda zanin ya zagaye Goggo har ya yi saura, ta kuma tuna cewa rabon da ta ga mai neman kitso a ƙofar ɗakin Goggo an daɗe, kuma duk ran da ta leƙa da rana Goggo cewa take yi ta riga ta ci.

"Yaya?" in ji Goggo. "Ban ce ki faɗi lamba ba."

"Masha Allah, wadda kike tambaya ta ƙaru." Saliha ta ɗauki Salwa ta saɓa a kafaɗa, ta kama hannun Goggo ta sauko da ita daga sikelin. "Ke kuma na rubuta miki magani. Tuwon ɗakina, ta baki, ni zan riƙa kawowa, kuma a gabana za ki sha."

"Ke Saliha, ni za ki..."

"Asuba, azahar, bayan isha'i, Goggo. Kuma ba rabi ba."